Dutsen da Isiyaku Ya Jefa a Rijiya

Moɗar tana bakin Basira lokacin da mahaifinta ya gaya mata. Ta riga ta haɗiye ruwan, ta ji ɗanɗano kamar ta lashi tsohuwar ƙusa, shi ne ta ce ruwan rijiyar nan ya sauya.

"Ai dole shi sake," in ji Isiyaku, yana tufka igiyar guga a kan gwiwarsa. "Gatarin aradun da ya hwaɗo gonar Labo, shi na sa ciki."

Ta ajiye moɗar a hankali.

Isiyaku mahaƙin rijiya ne. Daga ƙauyukan Illela har zuwa Tsarnawa, da wuya ka yi tafiyar yini ba ka sha ruwan ramin da ya haƙa ba. A goshinsa akwai tabon guga da ya taɓa suɓucewa daga sama ya same shi a ƙasa. Da samarin garinsu suka yi ta kwarara Malbaza neman aikin siminti, shi ma ya je, bai daɗe ba ya dawo, ya ce ƙurar can ta fi zurfin rijiya toshe numfashi. Matarsa ta rasu Basira tana goye. Shi ya kai yarinyar lakwal, makarantar boko, da hannunsa, ya yi ta haƙa har ta gama jami'a a Yamai, inda ta karanci ilimin duwatsu. Yanzu ta dawo gida tana jiran aiki, shi kuwa ya bar shiga rami saboda ciwon gwiwa. Rijiyar tsakiyar ƙauyen ita ce ta ƙarshe da ya haƙa, ita yake ji da ita.

Dutsen ya faɗo ne da bazara, kafin Basira ta dawo, da rana tsaka, babu ko ɗigon hadari. Masu sharar gona sun ce sun ji ƙara kamar motar siminti ta juye kaya, suka ga hayaƙi ya ja layi a sama. Mutanen ƙauyen suka yi abin da suka saba yi wa wurin da aradu ta faɗa: suka zuba nono a ramin, suka tono dutsen. Baƙi ne wuluk, bai fi kan akuya girma ba, amma nauyinsa ya ba kowa mamaki. A al'adarsu, irin wannan dutse ana jiƙa shi a ƙwarya, mutanen gida su sha don aradu ta kauce musu. Isiyaku ya ga babu dalilin da gida ɗaya zai sha a bar sauran, sai ya jefa shi a rijiyar.

Basira ta san ba aradu ba ce. Dutse ne daga sararin samaniya. Ta san wasu irinsa daga duniyar Mars suke ɓallowa, masana suna yanka su siriri suna neman alamar wani abu mai rai a ciki. Ta kuma karanta cewa masu shirin ɗebo ƙasar can suna tanadin ɗakunan da ko iska ba ta fita, don gudun abin da zai biyo ta. Gaskiya ne malamanta da hannu suke riƙe irin waɗannan duwatsu, ba ta taɓa jin wanda ya cutu ba. Ta gaya wa kanta haka sau da yawa. Amma ba ta taɓa jin wanda ya jiƙa shi ya shayar da gari guda ba.

"Baba, a fid da shi."

"To, Malama ta zo. Mi ya yi miki?"

"Ba mu san daga inda ya fito ba. Can sama akwai wasu duniyoyi, har mutane na shirin komawa ɗaya da zama."

"Da zama?" Ya ɗago kai. "Gaba nawa ruwansu yake?"

"Ba su da rijiya, Baba."

"Ashe ba su da gari. Su kira ni in sun shirya."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta daina shan ruwan, ta koma sayo na leda daga Illela. Ta riƙa leƙa randunan maƙwabta, tana duban idon yara. Da Isiyaku ya ga ta rame, tuwo ma ba ta iya ci, wata safiya ya ɗaura igiya a ƙugu. Ta ce a nemo saurayi ya shiga. Ya ce ba mai shigar masa rijiya yana raye. Labo da wasu maza suka zura shi.

Ya daɗe a ƙasa. Da suka jawo shi, dutsen yana cikin rigarsa, amma ba kamar yadda ya shiga ba. Baƙar fatarsa ta saɓule, gefe guda ya marmashe ya narke a ruwa. Abin da ya rage kuwa wani farin yauƙi ya lulluɓe shi, kamar na kuɓewa. Isiyaku ya goge tafinsa a wando, ya ce bai taɓa ganin irin wannan gansakuka ba.

Kafin kasuwar Illela ta zagayo, zazzaɓi ya kwantar da shi. Fatar tafin hannunsa ta fara ɗayewa. Majo, malamin asibitin Illela, ya auna jini, bai ga masassarar sauro ba, ya tura su Ƙonni. Likitan can ya saurari Basira har ta gama, sannan ya ce ƙasan rijiya cike yake da cututtukan wannan duniyar, ba sai an nemo na wata ba. Duk da haka ya karɓi kwalbar ruwan rijiyar da gutsuren dutsen da ta zo da su, ya aika ɗakin awo a Yamai.

An rufe rijiyar da kwano, an ɗora ƙaya. Mata suna zuwa ɗiban ruwa ƙauyen gaba, in sun wuce ƙofar gidan Isiyaku ba sa gaisuwa. Gwaggo Takama, ƙanwar Isiyaku da ke jinyarsa, ba ta ɓoye nata ba.

"Duk gari ya sha, ba wanda ko atishawa ya yi. Ke kika tsoma tsoho cikin sanyi da karatunki."

Basira ta fi son a ce Gwaggo ce ke da gaskiya, don sanyi yana da magani.

Jiya da la'asar Isiyaku ya farka, ya dubi hannuwansa naɗe da bandeji, ya dube ta.

"Ɗiyata, kar ki bari su cike ta. In ruwan ya ɓaci a yashe, a bar ta ta sake tsattsafowa."

Ta ce to. Ya sake lumshe ido.

Zazzaɓin bai sauka ba. Da safen nan an kawo ɗiyar Labo, ita ma jikinta zafi, an kwantar da ita a ɗakin mata; ba a san ko ciwon ɗaya ne ba. Basira tana zaune a barandar asibitin da waya a hannu. Sakamakon awon bai iso daga Yamai ba tukuna.