Tiren Inna Ya Tafi Sararin Samaniya

Autanmu ya haura shekara talatin, yana da gemu da ɗan tumbi, amma har yau zancensa bai wuce taurari da halittun wata duniyar ba. Shi ya zo gidana ya ari tiren tagullar da mahaifiyarmu ta taho da shi daga Bida ranar aurenta. Tun rasuwarta yake hannuna, a kansa muke zuba goro da dabino duk sunan da aka yi a dangi. Ya ce wani ɗan aiki zai yi da shi. Damina ta wuce, ba tire ba labarinsa, ga ’yata ta kusa haihuwa.

Da na ji wai suna da taro a wani ɗakin biki da ke Sauka Kahuta, shi da ire-irensa, na yafa mayafi na bi sawu.

A ƙofa na tarar da wani ƙato ya shafa koren fenti a fuska, ya kifa hular kwanon ’yan acaɓa, an liƙa mata wayoyin rediyo biyu.

“Mama, kai daga wane duniya ka zo?” ya tambaye ni da karyayyiyar Hausarsa.

“Daga wadda ake wanka,” na ce, na wuce.

Ciki kuwa abin takaici. Magidanta da ’yan mata sun naɗe jiki da kwali da ledar ƙyalƙyali, a zafin Minna, gumi na tsiyaya ta gwiwar hannu. Wasu biyu har da nuna wa juna yatsa, suna musun wane jirgi ne ya fi wani gudu, alhali ba a taɓa ƙera ko ɗaya ba. Na nemi auta, aka ce yana bayan majigi, sai an gama nuna fim ɗinsa. Na samu kujerar roba na zauna ina tsaki.

An fara da finafinan waje, duk ƙarfe ne ke faɗa da ƙarfe. Can aka sa na auta. Na gane bakin ruwan Tagwai, na gane abokansa suna gudu suna ihun ƙarya. Sai ga jirgin halittun wata duniyar yana saukowa daga sama, yana juyawa, rana na haska shi. Ga zanen furannin nan, ga lotsawar da ya yi ranar da na yar da shi ina yarinya, Inna ta ja mini kunne. An kife tiren uwata an rataye shi da zaren kamun kifi.

Jirgin ya yi tangal-tangal, ya karkace, ya faɗa tsakiyar ruwa tsundum. Ɗakin ya kaure da tafi da fito.

Da aka kunna fitila aka kira auta gaba. Mai koren fentin nan ya ɗaga hannu.

“Oga, wannan faɗuwa ya yi kyau sosai. Da kwamfuta ka yi shi?”

“Ba kwamfuta,” in ji auta yana washe baki. “Zaren ne ya tsinke da kansa, muka ga ai…”

Nan idonsa ya faɗa cikin nawa.

A waje ya durƙusa da rigar kwalinsa. “Yaya, wallahi mun sa masunta sun nema. Zan saya miki sabo a Kasuwar Kure.”

Na dube shi daga sama har ƙasa, na rasa zagin da zai ishe shi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Turo min fim ɗin a waya.”

Ranar suna a farantin roba muka raba goro. Fim ɗin kuwa shirme ne daga farko har ƙarshe, kuma ba wanda ya kai ni kallonsa. Nakan kai shi daidai inda lotsawar ta juyo, in tsayar da shi kafin zaren ya tsinke.