Gishirin da Ya Ishi Gari

Lokacin da nake ƙarama a Dudunni, da an idar da sallar isha'i muke zagaye murhun Kaka Delu, mahaifiyar babanmu. Takan tura gyaɗa cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "Ku matso, ɗiyana, wagga tatsuniya ba ta son ƙyuya." Mu kuwa rabin hankalinmu na kan gyaɗar.

Akwai guda da ta fi zama mini a rai. Wai wata damina gulbi ya cika ya datse hanya, fatake suka kasa shigowa wani gari, gishiri ya ƙare ƙaf. Miya ta koma lami, magidanta suna cin tuwo suna ɓata fuska. Ana nan sai wani Bafulatani ya haye ruwan da shanunsa, ya ba garin kyautar dunƙulen gishiri kamar ƙwan zabo.

Mai gari ya ce a raba wa kowa. Maƙeri ya fasa biyu, ya fasa huɗu. Mata suka daka a turmi, suka niƙe a dutse. Duk da haka bai zagaya ba. Har wasu aminai biyu suka shaƙe juna saboda ƙwaya ɗaya da ta faɗi cikin rairayi.

Wata mata mai suna Lanti tana gefe tana kaɗa wa taron miyar kuka. Da hayaniyar ta ishe ta, sai ta kwashe gishirin duka ta zuba a tukunya. Aka leƙa, babu shi babu alamarsa. Mutane suka yi ca, suka ce ta ɓatar da rabon gari, lallai sai ta bar musu garinsu. Lanti ta ce ta ji, amma kowa ya ɗanɗana kafin ta ɗaure kayanta. Aka bi layi da ludayi. Tun daga mai gari har yaron goye, babu harshen da bai ji gishiri ba.

Na ce, "Kaka, to ina ya tafi?"

Ta ce, "Yana nan, uwata. Farfashewa ya yi har ya fi ƙarfin ido."

"Haka zai yi ta farfashewa har abada?"

Ta fasa gyaɗa, ta yi dariya. "Mi na sani? Ni dai a tukunya na baro shi."

Sai da na shiga sakandare a Kankia na sami amsata. Farfashewar tana da iyaka. Kowane abu, dutse ne ko ruwa ko iska, an gina shi ne da ƙwayoyin zarra, waɗanda ake kira atom. Shi gishiri ƙwayoyi iri biyu ne riƙe da juna, ruwa kuwa raba su yake yi, su bazu ko'ina. Kowace ƙwaya tana da cibiya mai nauyi, wasu 'yan mitsitsi suna kewaya ta, sauran duk fili ne.

Da na je hutu na kwashe duka na faɗa wa Kaka. Ta ce, "Ashe har tuwo yawancinsa fili ne? Shi ya sa ba ku ƙoshi."

Yau ni ma kimiyya nake koyarwa. A da ina ɗauka labarin wayon Lanti ne. Yanzu na fi tuna mutanen da suka leƙa tukunya ba su ga komai ba, suka yanke hukunci. Nakan tsaya gaban ɗalibai in narkar da gishiri a kofi, kuma kullum sai an sami mai cewa ya ɓace. Ba na yi masa gardama. Cokali nake miƙa masa.