Jinin Matata Kashi Talatin

Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Tsohonmu kuɗin makarantar mutum ɗaya gare shi, ya zaɓi ƙanena, ni aka tura ni kasuwar Shasha dakon kwandon tumatir. Ban yafe ba, ba kuma zan rubuta ƙarya in ce na yafe ba. Abu ɗaya na fito da shi daga aji, kasuwa ta ƙara goge min shi, wato lissafin kashi cikin ɗari. Mota ta taso daga arewa da kwando ɗari, in na leƙa na shinshina, kafin direba ya kashe inji zan faɗa maka kashi nawa ya ruɓe. In talatin kaɗai ya tsira, mai kaya ya gama yawo, jaje kawai za a yi masa.

Da wannan lissafin na karanta takardar matata.

Cikinta wata bakwai a lokacin, cikin da ya zo bayan mun ɗauka an rufe haihuwa. Jiri ya matsa mata. Tana cikin suyar awarar da take sayarwa a gida sai ka ga ta zauna ta dafe kai. Ta je awo, aka ɗebi jininta, ta dawo da 'yar takarda. Ita ba ta yi boko ba. Na duba, haruffa uku ne, sai 30, sai alamar kashi cikin ɗari.

"Me suka ce miki?"

"Wai jinina ya yi ƙasa, in koma gobe. Me ka gani, Malam?"

"Ba komai," na ce mata.

Na fita ƙofar gida na zauna. Talatin ya rage, saba'in ya tafi. Macen da take yawo da kashi talatin na jininta, ga ciki, da me za ta haihu? Na tuna ƙanwar uwata da jini ya ƙare mata a kan gwiwa. Nawa jinin kaɗai ba zai cike saba'in ba.

Shekara huɗu ba na magana da ƙanena. Ranar na taka har shagonsa na canji a bakin titin unguwar Sabo, na miƙa masa takardar ko sallama ban ƙarasa ba. Ya saka tabarau, ya duba, ya danna waya kamar mai neman farashin dala.

"Yaya, saba'in fa babu."

"Na sani. Ba lissafi na zo ka koya min ba. Jini nake so."

Bai ja magana ba. Washegari da hantsi muka tafi asibitin mu uku, ita a tsakiya tana ta kallonmu, don ba ta san abin da ya haɗa mu ba. Na bar ta a benci, na ja shi wajen nas ɗin da ke ɗakin gwaji, wata dattijuwar Bayarabiya. A Sabo aka haife ni, nan ƙasar Yarabawa, da Yarabanci na yi mata bayani: ga mu mu biyu, a ɗiba, in bai isa ba akwai 'yan dako a Shasha.

Ta karɓi takardar, ta dube ni ta saman tabarau.

"Alhaji, talatin cikin ɗarin me?"

"Na jini mana."

"Ha! Wa ya faɗa maka? Miƙo yatsa. Kai ma mai ƙamshin turare, miƙo."

Ta tsaga mana yatsu, ta ja jinin cikin wasu siraran kwalabe kamar tsinken tsintsiya, ta zuba su a wani inji ya juya su. Da ta ciro, jan ya kwanta ƙasa, wani ruwa-ruwa ya taso sama, kamar gasara in ta kwana. Ta ce jan nan shi ake aunawa, kashi nawa ne shi a cikin kwalbar. Ta ɗora nawa a ma'auni.

"Arba'in da ɗaya. To kwanta mu kira masu wanka, tunda hamsin da tara ɗinka ya tsiyaye."

Ta ce ba mai rai da nasa yake kai ɗari, in ya kai ma tuwo ne ba jini ba. Na matata ya ɗan yi ƙasa, gaskiya ne, amma na ƙwaya ne da abinci, ba na ƙarin jini ba. Hanta, miyar ganyen ugu, kuma ta rage tsayuwa a bakin wuta.

Na zauna a kan kujerar nas ɗin ba tare da an ce in zauna ba. Shekara ashirin da wani abu ina taƙama da lissafin nan, ban taɓa tambayar ɗarin me ba, don a kasuwa ɗarin kullum kwando ne.

Na ƙanena arba'in da huɗu ya fito. Ko a jini sai da ya ɗara ni da uku. Amma da digirinsa da tabaransa shi ma saba'in ya lissafa, wannan kuwa ya yi min daɗi har cikin raina.

A hanyar gida na tsaya wajen mahauci na sayi hanta kilo guda, shi ya biya, ban hana shi ba. Matata ta ce, "Wai ku me kuka je yi ɗakin gwaji?" Na ce gaisuwa. Wata biyu bayan nan ta haihu lafiya, mace, ko ɗigon jinin wani ba a saka mata ba.