Baturan Jirgin Baba

Da Baba ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya mayar da zauren gidanmu na Limancin Kona wurin haɗa ƙaramin jirgin sama, irin wanda ake tuƙawa da rimot. Injinsa fetur yake sha, kuma ba ya tashi sai batir ya ba fulogi wuta. Batirin nan shi ne rabona a jirgin.

Ƙananan batura ne na nikel guda huɗu, an naɗe su da baƙin salatif. Ba sa riƙe caji. In aka ajiye su kwana biyu sai a tarar sun huce kamar shayin da aka manta. Saboda haka da zarar yaran unguwa sun yi ihun an kawo wuta, ko wanke-wanke nake yi sai in tsame hannu in ruga zaure in jona su. Cajinsu yini yake ci, kuma ba a so su yi zafi. Nakan zauna ina taɓa su da bayan hannu, Baba yana goge fiffike yana gaya mini yadda iska ke ɗaukar shaho ba tare da ya motsa ba. A gidanmu budurwa ba ta zama a zaure. Ni batir ne ya sama mini izini, Inna ma ta haƙura.

Wata Asabar ɗiyar aminin Baba ta zo daga Tukur-Tukur. Tsarata ce, tana karatun injiniya, ni kuwa adabi nake karantawa. Ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta ɗaga baturana da yatsa biyu.

"Baba, waɗannan ai sun isa aurar da jikoki."

Ya yi dariya har da tari. Ban taɓa sa shi dariya irin wannan ba.

Ta zaro batura biyu na litiyom daga jakarta. Ɗaya mai laushi ne cikin farar leda, ba nauyi, amma ta ce ya fi ƙarfin na'urar kunna injin, zai iya ƙona ta, kuma a zafin bazara yakan kumbura. Ɗayan mai tauri ne, ƙarfinsa daidai, yana wata da watanni da cajinsa. In ma ya sauka, kafin a gama cin tuwo ya cika.

"Allah Ya yi miki albarka, Injiniya," in ji Baba. Ya juyo wajena. "Uwata, ke me kika gani?"

"Namu ba su taɓa ba mu kunya ba, Baba."

"Har ranar da injin ya mutu a sama, muka tsinto jirgin a gonar dawa?" in ji shi.

Ita ta sunkuyar da kai don kada ta yi dariya, ladabin nata ya fi dariyar yi mini ciwo. Ba ta da laifi. Kyakkyawa ce, mai kirki, har alawar madara ta kawo mini. Na so a ce tana da wani aibu da zan riƙe.

Baba ya zaɓi mai taurin. Washegari jirgin ya tashi a wani fili bayan ganuwa, bai yi ko tari ba. Haka dai aka gaya mini, don da ita aka je.

Tsofaffin baturan ya ba ni, wai in sa a tocila. Na ajiye su cikin kwalla tare da 'yan kunnena.

Bayan kwanaki yara suka yi ihun an kawo wuta. Kafin in tuna, na riga na tsame hannu daga ruwan omo, na kai bakin zaure. Na jiyo muryarta tana bayani, Baba yana cewa, "To, to, Injiniya."

Inna ta ɗaga murya daga madafi. "Ina kuma za ki? Ai yanzu ba abin da za ki jona."

Na tsaya kumfa tana bushewa a hannuna. Sannan na koma kan kwanukan.