Shibra a Gonar Kakarmu

Jiya maƙwabta suka gasa tumu, ƙamshin sabon gero ya shigo mini ta taga, sai ga ni a gonar kakarmu ta bayan Kusada, a shekarar da bakina ya ja wa yayana abin da har yau nake jin nauyinsa.

Zamanin Turawa ne. Mahaifinmu malamin allo ne, Malam muke ce masa, kuma ba da son ransa aka ɗauki yayana zuwa makarantar boko a birni ba. Ni kuwa ina da shekara tara, ga surutu. Kakarmu takan ce ko gawayi aka ba ni ajiya sai gari ya ji.

Da gero ya nuna, kakarmu ba ta barin kowa ya sa wuƙa sai ta fara zagaya gona ta zaɓi iri. Takan murza zangarniya, ta ciji ƙwaya, wadda ta yi mata ta yanke, a rataye a rufin madafa hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Shibra kuma, geron banzan nan mai ƙananan ƙwayoyi da ke kakkaɓewa tun kafin girbi, tuge ta take tana tsaki.

Yayana ya zo hutu, muna bin kakarmu da kwando, ya ɗauki shibra ɗaya ya raɗa mini cewa malaminsu Bature ya ce asalin gero irin wannan ciyawar ce, zaɓe ne ya sauya ta a hankali. Ya ce haka dabbobi ma suka sassauya, har mutum da biri kakansu ɗaya. Ya ce kada in faɗa wa kowa. Kafin la'asar na faɗa wa duk 'yan makarantar Malam, ina ta dariya.

Washegari da hantsi Malam ya sallami ɗalibai, abin da ko ranar kasuwa ba ya yi. Ya kira yayana tsakar gida. Mahaifiyarmu ta ajiye taɓarya. Ni na maƙale jikin rumbu, don kowa ya san idan amsar ba ta yi ba, yayana ya gama boko.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya tambaye shi wa ya halicci Annabi Adamu, ya ce Allah. Ya tambaye shi to ina biri ya shigo. Yayana ya ce zancen biri ji ya yi, amma na gero da idonsa ya gani, ba zai ce bai gani ba.

Sai kakarmu ta fito daga madafa da zangarniyar iri, ta dangwara wa yayana a cinya.

"Kai, wanga gero shi ya zaɓi kanshi?" ta ce. "Tun ba a haifi ubanka ba nike zaɓe nai, uwata ma ta zaɓa. In shibra ta zama gero, hannu ya maishe ta. Koma ka tambayi Baturen naka, hannun wa ya zaɓi sauran."

Yayana ya ɗauki zangarniyar yana juya ta a hannu. Mahaifiyarmu ta sauke ajiyar zuciya, ni ma na ɗauka an gama. Sai Malam ya dubi yayana.

"Yau tsohuwa tana kusa, ta ba ka amsa," ya ce. "Can wa za ya ba ka? Ba ka komawa."

Kakarmu ta roƙe shi, ta yi fushi, kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa ba. Malam ya taka da ƙafa har wajen hakimi, ban san abin da ya faɗa ba, aka dai share sunan yayana. Ranar da abokansa suka nufi Kankiya hawan mota, shi yana gona yana ɗaurin dami.

Manomi ya zama, har daga Rimaye da Kunduru ake zuwa neman iri a wurinsa. Bai taɓa yi mini gori ba, wannan ya fi duka ciwo. Da muka tsufa na nemi gafararsa, ya ce ni na faɗi abin da na ji, shi ma abin da ya ji ya faɗa.

Yanzu jikokina suna karanta wannan zance a aji, su rubuta jarrabawa, su fito su yi alwala, ba wanda ya ajiye taɓarya saboda su. Wani lokaci ina jin daɗin haka, wani lokaci haushi yake ba ni. A ciwon yayana na ƙarshe jikata ta je gaishe shi da littafin makaranta a hannu. Idonsa ya riga ya tafi, sai ya shafa bangon, ya ce ta zauna ta karanta masa daga tsakiya, don shi a nan aka tsayar da shi.