Hannun Okonos

Ƙanena Okonos ya fi kowa a ƙauyenmu na bakin kogin Indigirka iya feren daskararren kifi, wanda muke ci ɗanye da gishiri a nan ƙasar ƙanƙara. Ya kama wutsiya da hagu, ya zare wuƙa da dama, yankan ya riƙa nannaɗewa kamar takarda. Duk wani biki shi ake kira.

Kiwon dawaki yake yi, har samari suka fara fasa gaɓar kogi da injin ruwa suna tono hauren giwayen dā da ke daskare a ƙasa. Ya bi su, yana da shekara arba'in da bakwai.

Na ce, "Kai da furfurarka za ka shiga rami kamar ɓera?"

Ya ce, "Yaya, kin tsufa da tsoro."

A ramin ne wani tsohon ƙashi ya tsaga masa tafin hannun dama. Me ya yi? Abin da kakarmu ke yi mana in mun yanke: ya ɓanɓaro ƙanƙara daga bangon ramin ya danna a ciwon, ya ɗaure da tsumma. Mu dai haka muka tashi, wai sanyi ba ya riƙe ƙazanta. To ita kaka ƙanƙarar tafki take sa mana, ba taɓon da mushe ya shafe dubban shekaru a ciki ba!

Kwana tara ya ƙara a ramin. Da ya dawo, wallahi warin hannun ya riga shi shigowa ɗaki.

Aka ɗauke mu a jirgi zuwa birni. A asibiti an canza masa allura har kala huɗu, kumburi sai hawa yake. Likitar ta ce mini akwai ƙwayoyin cuta a daskararriyar ƙasa da suka iya kauce wa magani tun kafin a ƙirƙiro maganin. Ko su ne, ko na zamaninmu, ba ta da tabbas.

Okonos ya ce, "Likita, ki bar min ko yatsa uku, na riƙe wuƙa."

Daga gwiwar hannu aka yanke.

Har yau haushinsa nake ji, ina jin haushin kaka ma, Allah ya yafe min.

Bana da sanyi ya shigo na ɗauko daskararren kifi daga rumbunmu na ƙarƙashin ƙasa, na fere da kaina. Yana zaune yana kallon wuƙarsa a hannuna. Ya ɗauki yanka ɗaya da hagu, ya juya shi.

"Yaya, ya yi kauri."

Ya dangwala gishiri ya ci.