Jarrabawar Ɗan Yayata

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ina ƙaramin malami a firamaren Bagudo, ɗan yayata yana zaune a wurina. Uwarsa tana Kende, mijinta ya rasu, yaron nan shi kaɗai gare ta. Kai gare shi, wallahi. Lissafin da nake gumi a kansa, shi yana ɓare gyaɗa zai faɗo min amsa. Duk malamai sun sa rai zai ci jarrabawar shiga makarantar kwana ta Birnin Kebbi.

Da jarrabawa ta matso sai yaro ya lalace. In na ɗora masa takardar gwaji, alƙalami ya faɗi daga hannunsa, ya fita bayan aji ya yi ta amai. Tuwo ma ya daina ci. Babu abin da ban yi ba. Na karɓo masa rubutu wurin liman ya sha. Na riƙa jan shi bakin kogi da la'asar, mu zauna muna kallon jiragen da ke dakon kaya zuwa Dahomey, ina jefa masa tambayoyi cikin hira. A can ba ya kuskure ko ɗaya. Na ce masa, “Kai, ragon banza, takarda cizo take yi? Ka ja numfashi, ka fara da mai sauƙi.” Sai ya yi murmushin dole.

Ashe na bar jaki ina dukan taiki. Ranar nan a bakin ruwa ya fashe da kuka, ya ce, “Kawu, ba faɗuwa nake tsoro ba. Inna ta ce in na ci, ba ta yafe min nonon da na sha ba.”

Raina ya ɓaci. Washegari na hau keke sai Kende. Na tarar da ita tana sussuka, ko gaisuwar kirki ban yi ba.

“Yaya, wane irin zalunci ne wannan? Ki janye bakinki daga kan yaron nan!”

Ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, “Sannu Malam mai wando. Ran da uwarmu ta cika, kana ina?”

Ina makaranta a lokacin, sai bayan sadakar bakwai labari ya iske ni.

Ta ce, “Tana kiran sunanka har ta daina magana. Boko ta ci min ƙane, ba ta cin wanga yaro. Ni ina son wanda zai tsaya kan kabarina.”

Na roƙe ta da Allah da Annabi, na haɗa ta da dattawan gidanmu. Da ƙyar ta ce, “To, shi je shi yi.” Ni kuwa sakarai, na ɗauka an gama. Na dawo da murna na faɗa masa. Ya dube ni ya ce, “Ta ce ta yafe?” Na ce ai duk ɗaya ne.

Ranar jarrabawa ya tashi garau. Ya shanye furarsa tas. Na raka shi ƙofar aji ina ta yi wa kaina kirari, wai na warkar da yaro.

Da aka tashi, malamin da ya tsare su ya ja ni gefe. Ya ce yaronka sunansa kawai ya rubuta, ya karanta tambayoyin, ya kife takarda, ya harɗe hannu har aka kaɗa ƙararrawa.

Na ji haushin yayata, kuma har yau ban daina ba, ko da yake ban taɓa samun amsar da zan ba ta ba. 'Ya'yan da ba su kai rabinsa ba suka hau mota zuwa Birnin Kebbi, shi ya koma Kende ya ɗauki fartanya.

A ranar jarrabawar dai, muka kama hanyar gida, yana gaba ina baya, na rasa ko mari zan yi ko kuka. Muna dab da ƙofa ya tsaya, ya ce a hankali, “Kawu, tambayar ƙarshen nan ta lissafi.” Ya karanto min ita da ka, ya faɗi amsa, ya ɗago ido yana jira.

“Daidai ne?”

Na ce, “Daidai ne.”